Yaƙin da Na Yi da Mazauna Bakina

Ko zan manta da komai na zamana a Bompai, ba zan taɓa mantawa da ranar duba lafiya ba. A farkon shekarun tamanin ne, ina leburan wucin gadi a wani kamfanin alewa, sashen naɗewa. Mu 'yan wucin gadi burinmu ɗaya ne, a mai da mutum na dindindin. Kafin a yi haka kuwa sai likitar kamfani ta duba ka, hannu, farce da baki. In ta ga abin da bai yi mata ba, shi ke nan, ka yi sallama da sashen abinci. Sunana yana cikin waɗanda za a duba, ga amarya na ajiye a Dakata, har na riga na cika mata baki cewa an gama magana.

To, ni a lokacin ɗan gayu ne. Buroshi da man goge baki nake yi, ina yi wa masu asuwaki kallon mutanen da. Wata rana likitar, wata Hajiya mai gilashi da ba ta dariya, ta tara mu don ta nuna mana dalilin ɗaure baki da ƙyalle a wurin aiki. Ta ajiye madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa a kan tebur ta ce wa zai ba da bakinsa? Kafin ta rufe baki na miƙe (wallahi har da gyara kwalar riga). Ta kankaro ɗan abu daga gindin haƙorina da tsinke, ta shafa a gilashi, ta ce in leƙa.

Innalillahi! Abubuwa ne birjik, wasu kamar tsinke, wasu dunƙule, wani ma yana murɗawa yana tafiyarsa hankali kwance. A bakina! Aka yi layi ana leƙawa. Isuhu, abokin aikina mutumin Maraɗi, wanda goro bai taɓa barin kuncinsa ba, ya ɗago kai ya ce, "Kai, ɗan gayu, ashe kiwo kake yi ba ka faɗa mana ba?" Aka tuntsire. Hajiya ta ci gaba da bayani, amma ni kunnena ya toshe, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Daga ranar na ɗaura yaƙi. Akwai mai tallan magani a bakin ƙofar kamfani, na sayi kafso mai yawa. Ina haɗiya safe da yamma, wani kuma in ɓare shi in zuba garin a ruwa in kurkure. Ban tsaya nan ba. Ruwan maganin nan mai ƙarfi da ake goge daɓen kamfani da shi, shi ma na riƙa ɗigawa a kofi (kada ku tambaye ni, ni ma har yau ina tambayar kaina). Bakina yana raɗaɗi, ni kuwa ina murna, wai suna mutuwa.

Bayan 'yan makonni abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Na duba madubi, na ga harshena ya yi fari fat kamar an shafa kindirmo, har cikin kumatu. In na kankare sai jini. Sai na ce wato sun yi taurin kai ke nan, na ƙara yawan kafso. A gida na koma cin tuwo ina juya wa amarya baya, a wurin aiki kuwa ƙyallen bakin nan ya zama rufin asirina.

Ranar duba lafiya ta zo. Muna layi a barandar asibitin kamfani, Malam Garba foman, shugabanmu na leburori, yana tsaye a bakin ƙofa yana kiran suna. Ƙofar a buɗe take, duk wanda ke layi yana jin abin da ake faɗa a ciki. Gumi ya jiƙa mini riga. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. Sai dabara ta faɗo mini, na ce wa Isuhu ya sam mini goro. Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da ka ce goro na ƙauyawa ne?" Na ce ya taimaka dai. Na tauna har muƙamuƙina ya gaji, ina murza shi a harshe don ja ya rufe fari.

Aka kira ni. Na shiga.

"Buɗe baki," in ji Hajiya.

Na buɗe kaɗan.

"Malam, ba sarawa zan yi ba. Je ka tofar da goron nan, ka kurkure ka dawo."

Na kurkure, na dawo, na buɗe. Ta haska tocila. Goron bai rufe komai ba, sai ma ya rina farin ya koma ruwan ɗorawa dabbare-dabbare.

"Me kake sha?"

Na ce ba komai.

"Zan sake tambayarka, kuma daga amsarka zan san abin da zan rubuta."

Nan fa na fara lissafi da ƙaramar murya, ita kuma tana maimaitawa da babbar murya. "Kafso... Wa ya rubuta maka? Me? Ruwan goge daɓe?" Na ji wani a baranda ya kasa riƙewa ya fashe da dariya.

Ta cire gilashinta. "Ba kai ne ka ba da bakinka ran nan ba? Ba ka ji na ce kowa yana da su ba, har ni? Yawancinsu ba sa cutar da kai. Zamansu ne ya cika wurin, ya hana mugu samun masauki. Wannan farin wani irin fumfuna ne, da ma yana nan a raɓe, sun tare masa hanya. Ka kore su kaf, ka bar masa gida ba kowa, ya baje kolinsa."

Na ce, "Hajiya, don Allah ku rufa mini asiri, sabon aure gare ni."

Ta ce zai warke, ta ba ni magani, amma ba za ta sa hannu mai wannan baki ya tsaya kan alewar da yara za su sha ba. Malam Garba bai ko dube ni ba, ya kira suna na gaba. Gurbin nawa aka ba wani, ni kuma aka tura ni lodin kwali a bayan sito, wucin gadi dai, sai wata shekara in Allah ya kai mu.

Da yamma na tura kekena har Dakata, ban iya hawa ba. Amarya ta tare ni da fara'a, ta yi miyar kaza don murna. Ta ce, "Yaya, an ba ka?" Sai kawai na ja ta bakin taga wajen haske, na buɗe mata baki.

Tun daga lokacin muka yi sulhu da mazauna bakin nan nawa. Ina wanke baki safe da dare don kada su yi yawa su raina ni, amma batun kora babu shi. Kuma duk inda ake bayani, ko da ni ake yi wa dariya, sai na tsaya na ji ƙarshensa.