Ranar da Nomau Ya Kai Modam Shan Iska

A ƙauyen Tsamiyar Dogo akwai wani bawan Allah, Nomau. Ka faɗa masa magana, yadda ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, kuma da ƙarfin gwiwarsa. Matarsa Lantana ta yi faɗan har ta gaji. 'Yarsu Marwa kuwa kai gare ta. So take ta shiga makarantar ungozoma, takardun ta intanet ake turawa, kuma ranar Juma'a da azahar za a rufe. Ta aro kwamfuta da modam, 'yar na'urar nan kamar ɗan yatsa da ake sokawa a gefe ta kamo sabis. To, sabis ɗin ne ya ƙi tafiya.

Wata rana Marwa ta yi tsaki ta ce, "Baba, modam ɗin nan ta yi nauyi." Tana shiga kicin ya zare ta, sai wurin masu awon riɗi. Bai dawo ba sai la'asar. "Sharri kike mata," in ji shi. "Na ɗora ta a sikeli, allurar ko motsi ba ta yi ba." Marwa ta kama kai, yini guda ya tafi.

Wata rana kuma ta kira Sadisu, mai gyaran kwamfuta a birni. Ya ce, "Wataƙila direbanta ne ya tsufa, a sa mata sabo." Manhajar da ke tafiyar da ita yake nufi, amma ina! Nomau ya riga ya saɓa babbar riga ya nufi tasha. Sai ga shi da wani ƙato, Ilu, wanda ko wata uku bai yi da karɓar lasisi ba. Ilu ya ce, "Ina motar?" Aka nuna masa modam ɗin. Ya juya ta, ya juya ta, ya ce, "Malam Nomau, don wannan ka sa na bar layi?" Sai da Lantana ta ba shi haƙuri da kwanon fura.

Ranar Juma'a da hantsi takardun suka maƙale a rabi. Marwa tana hawaye, wallahi har ta ba ni tausayi. Sadisu ya ce a waya, "Ko zafi ta yi? A bar ta ta sha iska. Amma kada a zare ta, abin da ya tafi zai lalace." Marwa ta bar kwamfutar nan ɗaki, ta shiga uwar ɗaki neman mafici. Tana fitowa, babu kwamfuta, babu uba.

Lantana ta ɗaga kai ta saka salati. "Malam, ka kashe mu! Me kake yi a kan darbejiya?"

"An ce ta sha iska, an ce kada a zare. Ina iska ta fi nan?"

Yana can ƙololuwa, ya rungume kwamfutar mutane. Can sai ya leƙo. "Marwa! Wani layi kore ya ruga da gudu ya cika. Ɓaci ne?"

Ashe katangar ƙasa ce take tare sabis tun farko. Takardu sun tafi tun ladan bai taɓa lasifika ba. Marwa tana kuka tana dariya.

Nomau ya sauko a hankali, ya kaɗe rigarsa. "Kun ɗora mata nauyi, kun ɗora mata tsufa," ya ce. "Ai ko ni, ku kulle ni a ɗaki ku ga in zan yi gudu."