Surutuna a Zaman Makokin Malam Idi

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar ukun Malam Idi ba, maƙwabcinmu a Tudun Wada, mai sayar da dusa da kanwar dabbobi a kasuwa. Tun ina yaro nake ganinsa a sahun farko a masallacin unguwa, 'ya'yansa kuwa tare muka tashi.

A shekarar da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar ya rasu. Muna zaune kan tabarmi a ƙofar gidansa, an yi addu'a an shafa, sai hira ta gangaro kan tsadar abinci. Ni kuwa (Allah ya yi ni da son a ce na san duniya, alhali ko Katsina ban taɓa zuwa ba) na gyara zama na karɓe zancen. Na ce ai gara da aka rufe iyakar, mutanen Nijar ne ke kwashe mana masara suna cika mana gari, kowa ya zauna a ƙasar ubansa. Liman ya yi gyaran murya. Na ɗauka gaskata ni yake yi, na ƙara ɗaga murya.

A gefena akwai wani dattijo da ban sani ba, siriri mai rawani, ƙafafunsa a kumbure. Carbi kawai yake ja. Har gwiwarsa na taɓa na ce, "Ko ba haka ba, Baba?"

Ya dube ni a hankali ya ce, "Wataƙila haka ne, ɗana. Ni dai ƙanena na zo gani, ban same shi ba."

Sani, babban ɗan marigayin, shi ya yi mini bayani, kansa a sunkuye. Baffansu ne, yayan Malam Idi uwa ɗaya uba ɗaya, daga wani ƙauye a bayan Maraɗi, inda aka haife su. Da aka yi masa waya cewa jiki ya yi tsanani ya taso, aka mayar da motarsu a bakin iyaka, ya biyo ta daji, wani wuri a babur, wani wuri a ƙasa. Ya iso an riga an dawo daga maƙabarta.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na shiga kame-kame ina cewa ai ba irinsu nake nufi ba (to irin su wa?). Tsohon bai bar ni na ƙarasa ba. Ya riƙe hannuna ya ce kullum suka yi waya sai Idi ya yaba masa maƙwabtansa, don haka yana yi mana godiyar riƙon da muka yi masa. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu in na je gaisuwar mutuwa, "Allah ya jiƙan rai" nake cewa in ja bakina in yi shiru. Sharhi kan iyaka kuwa na bar wa rediyo, tunda ita ko ta yi kwaɓa ba ta da fuskar da za a kalla.