Rasuwar Mama Gurugu a Shafi na Huɗu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da yatsun da har yanzu tawada ba ta fita daga farcensu ba, ni Senyo Ahiabu, malamin Turanci a Makarantar Sakandare ta Agblekope, a madadin shugabarmu Madam Akpene Dogbatse da dukan malamai, ina sanar da iyaye da tsofaffin ɗalibai da abokan arziki rasuwar uwarmu, na'urar buga takardu wadda kowa ya sani da suna Mama Gurugu. Ta cika jiya Talata da misalin ƙarfe goma da kwata na safe, a kan teburinta na ɗakin malamai, tana tsakar aiki. Shekara talatin da huɗu ta yi tare da mu.

Marigayiya ba ta taɓa neman wutar lantarki ba. Abin da take so kawai shi ne a huda mata sitansil da tafireta, a shimfiɗa shi a kan gangarta ba tare da lanƙwasa ba, a ba ta tawada daidai misali, sannan a juya hannunta a hankali. Idan an yi mata haka, sai ka ji ta tana cewa gurugu-tas, gurugu-tas, kowane tas da takarda ɗaya. Idan aka yi mata gaggawa, sai ta yi ƙiiii, ta haɗiye takarda biyar a lokaci guda, ta bar mai gaggawar ya yi tunani a kan halinsa. Ba ta taɓa fitar da sirrin jarrabawa ba. Malamai sun zo sun tafi, wasu sun zage ta, wani ma ya taɓa dukanta da rula, amma ba ta rama a kan ɗalibansa ba.

Ni da ita mun fi shaƙuwa a kan darasi ɗaya. Bature idan zai gwada abin da ya faru da abin da aka zata, yakan zubar da kalmomin tsakiya ya bar aikatau shi kaɗai a siffarsa ta abin da aka riga aka yi, ya ce "earlier than planned" ko "as agreed". 'Ya'yanmu kuwa ba sa yarda a bar kalma ita kaɗai haka. Wannan ya ƙara mata wutsiya, wancan ya yanke wadda take da ita. Duk shekara nakan shirya musu tambaya ashirin a kan wannan, marigayiya ta buga, mu yi ta maimaitawa har ya zauna. Ba ta taɓa nuna ta gaji da maimaici ba, kuma daga wurinta na koyi kada in gaji.

Game da jinyarta, wajibi ne in faɗi gaskiya. Tawadar da ta rage mana ta yi kauri. Al'adarmu a nan ita ce a ɗiga mata kananzir kaɗan, to ranar Litinin babu ko ɗigo a makaranta. Ni da hannuna na karɓo manja cokali biyu a wurin mai dafa mana abinci, na dama. Ranar ta yi aiki kamar budurwa, ta buga shafi uku na jarrabawar 'yan aji uku, kowanne kwafi casa'in da huɗu. Da sanyin safiyar Talata manjan ya daskare a cikinta. Na ji muryarta ta sauya, ta koma gur, gur, babu tas. Da na tsaya a nan, da wataƙila tana raye. Amma shafi na huɗu ne a kanta, shafin waɗannan tambayoyi ashirin, kuma kwafi talatin da ɗaya kawai suka fito. Na danna hannun da ƙarfi. Ta ce ƙas, sau ɗaya, ba ta ƙara cewa komai ba.

Efo Gameli mai gyaran keke ya zo ya buɗe ta. Ya zaro wani ƙarfe mai haƙora, uku sun karye, ya sunsuna shi.

"Tica, miyar kuɓewa ka yi niyyar yi da ita? Saura gishiri da kifi."

"Efo, ka bar wasa. Za ta tashi kafin Juma'a?"

"Wanda ya ƙera wannan ƙarfen ya riga kakana mutuwa. Ka nemo mata akwati."

Ta rasu ta bar ƙanwarta tafireta, wadda harafi ɗaya ya daɗe da maƙale mata, da kwalbar jan ruwan gyaran kuskure da ta bushe tun bara. Ta kuma bar marayu sittin da uku, wato 'yan aji ukun da ba su da shafi na huɗu.

A kan waɗannan marayu nake roƙon a karanta abin da ya rage da natsuwa. Jibi Juma'a da ƙarfe takwas za a zauna jarrabawar. Da makinta ake tura sunayen waɗanda za su rubuta babbar jarrabawar ƙasa, kuma ranar Litinin za a rufe karɓar sunaye. Ɗalibin da takardarsa ba ta cika ba, makinsa bai cika ba, wanda makinsa bai cika ba kuma sai baɗi. Dokar makaranta tun kafuwarta ita ce, duk mai dangantaka ta jini ko ta aure da ɗan aji uku ba ya ganin takarda kafin ranarta. Shagon fotokwafi ɗaya tal da ke bakin tasha na kawun ɗalibai biyu ne. Allo kuma ba zai ɗauki tambaya ashirin, kowace da zaɓi huɗu ba. Saura rubutun hannu.

Jiya da rana Daavi Dzigbordi mai sayar da dokunu, wato tuwon masara da ake naɗewa a ganye, a ƙofar makaranta ta zo ta'aziyya da bironta a ɗaure a bakin zane. Kowa ya san babu mai kyan rubutunta a garin nan.

"Tica Senyo, kawo in rubuta maka talatin kafin ruwan dokunu ya tafasa."

"Daavi, Elikem ɗinki yana aji uku."

"To, sai me? Yaron da ko sunansa na faɗa masa sai ya manta? Na rantse da kabarin uwata ba zan buɗe baki ba."

"Na yarda da ke. Amma idan ya ci ashirin bisa ashirin da guminsa, wa zai yarda da shi?"

Ta mayar da biron. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ka kashe tsohuwa da manja, yanzu kuma kana zaɓen masu kuka."

Ni da Madam Akpene mun zauna da rajistar aji, muka bi garin gida gida a kan takarda. Sauran malamanmu goma sha ɗaya duk sun faɗi, ita kanta Madam tana da 'yar ƙane a ajin. Muka samu mutum huɗu tsarkaka: Papa Kudzo tsohon ma'aikacin gidan waya, Sista Ayishetu nas da aka turo mana daga arewa, mai wa'azin cocinmu, da ni. Yau da safe aka zo mana da labarin cewa ɗan mai wa'azi ya kai kwalaben gaisuwar neman aure gidan su wata 'yar aji uku, wurin yayarta, kuma an karɓa. Muna taya su murna. Mun koma uku. Hannun Papa Kudzo yana rawa, Sista kuma idan haihuwa ta zo asibiti dole ta tashi.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a ajiye gawa makonni kamar yadda aka saba yi wa manya ba, kuma babu kiɗa. Dattawa sun yi gardama a kan tufa, wasu suka ce fari domin ta tsufa, wasu suka ce ja domin mutuwar farat ɗaya ce. Madam ta yanke hukunci: kowa ya sa fari, ni in sa ja. Na karɓa.

Gobe Alhamis da ƙarfe bakwai na safe za a kwantar da ita a tsakiyar ɗakin malamai, a rufe tagogi, a sa sakata. Masu makoki uku za su zauna kewaye da ita da takardar kabon, suna rubuta kwafi bibbiyu, domin na uku ba ya karantuwa. Ina roƙon Papa Kudzo musamman da ya kwafi zaɓin da ba daidai ba yadda ya gan shi, kada tausayi ya sa ya gyara, da gangan na sa shi. Sauran jama'a su tsaya a gindin mangwaro, kada kowa ya matso taga. Mai son kawo abinci ya ajiye a kan matakala ya koma.

Idan kuma akwai wani a wannan gari ko ƙauyukan gefen tafki, mai ido da rubutu mai karantuwa, wanda ya tambayi uwarsa da surukarsa ya tabbatar ba shi da kowa a aji uku, to don Allah ya ƙwanƙwasa mana ƙofa sau uku. Ya zo da baƙin biro. Akwai kujera ta huɗu, za mu bar ta a kusa da kan marigayiya har ƙarfe shida na yamma.

Mai sanarwa,
Senyo Ahiabu