Yadda Za Ka Kai Kakar Budurwarka Kan Dutse Injinka Bai Tafasa Ba

Ka cusa wa tsohuwar motarka turbo don ƙarin gudu, yanzu ko kallon tudu ta yi sai allurar zafi ta miƙe. Ga Agusta, ga bikin waliyyin gidan su Zorana budurwarka a ƙauyensu can kan dutse saman garin Pirot, kuma mahaifinta, Baffa Miodrag, ya ce kai za ka ɗauko Kaka Milunka. "In tsohuwar nan ta taka tudun da ƙafa," in ji shi, "ka manta da hanyar gidana." Kwantar da hankalinka. Bi abin da zan gaya maka, wallahi sai an ɗaura auren nan.

1. Rufe shaida

Naɗe bututun salansa da ƙyallen hana zafi, ka ɗan ɗaga bayan bonet iska ta sami mafita. Duk ba za su isa ba, amma a yi. Sannan manna hoton waliyyi a kan allurar. Kaka ta ga mai addini, kai kuma ka huta da ganin ja.

2. Kunna hita har ƙarshe

E, hita, a cikin Agusta. Ita ce ke zuƙe zafin injin ta zuba muku a ciki. Injin ya sha iska, ku ku dahu. Ƙwararru duk haka suke yi, shi ya sa ba ka ganinsu da ƙiba.

3. Kada ka taɓa gilashi

Nan ne sakarkaru ke faɗuwa. Za ka so ka sauke taga. Kul! Ka san promaya, iskar da ke shiga ta taga ɗaya ta fita ta ɗaya. A lissafin Kaka ita ta kashe mijinta, ta karkata bakin maƙwabciyarta, ta hana kajinta ƙwai. Hannunka na zuwa wajen za ka ji:

"Ɗan nan, kashe ni za ka yi?"

"A'a Kaka, ƙura nake gogewa."

"To goge ta daga ciki."

4. Yi gumi da mutunci

Sitiyari zai yi santsi, takalminka zai fara wari kamar taya. In ta ce, "Me ya sa kake kuka?" ce mata kyan ƙasarsu ne ya taɓa maka zuciya. In tukunyar sarma, naɗin kabeji da nama, da ke cinyarta ta fara ɓararraka, yabi ƙamshin kabejin.

5. Kada ka tsaya

Ko garken tumaki ne, ratsa su a hankali kana ba su haƙuri. Motarka tana tsayawa za ta yi aman tururi, shi ke nan kai da Zorana sai a hoto.

6. Karɓi sakamakonka

Za ku iso. Za ka fito jawur kamar gasasshen barkono, kana ganin Baffa Miodrag biyu. Kaka kuwa za ta sauko garau, har da ɗankwalinta na ulu, ta ce wa jama'a:

"Tunda nake ban taɓa shiga motar da ta san darajar tsofaffi ba sai yau. Gwiwata ma ta saki. A ba shi yarinyar!"

Baffa Miodrag, da yake ya ji ƙaurin injin tun daga ƙofa, zai ja ka gefe cikin tausayi. "Suruki, kyautar aurenku babban lagireto ne mai sanyaya inji, in raba ka da wannan azaba."

Kaka tana ji. "Duk wanda ya taɓa motar nan ban yafe ba! Kai kuma ɗan nan, Lahadi ka zo da wuri. Ni da ƙawayena uku ne, duk masu ciwon gwiwa."

Gargaɗi

Ni aure na yi maka alkawari, kuma ka samu. Suma a kan sitiyari, narkewar takalmi da raguwar nama babu ruwana a ciki. Kada kuma ka zo kana tambayata yaushe za ka iya gyara motar. Uwar Kaka Milunka tana nan da ranta, ita ma ta ji labarinka.