Firizata na jiran taransifoma ta dawo daga yawo

Tun hantsin yau a kan murfin firiza nake zaune, kuma ba kujera na rasa ba. Wuta ta ɗauke tun jiya, na kuwa san mutanen gidanmu a nan Nasarawa. Ina juya baya wani zai ɗaga murfin ya leƙa ko ruwansa ya yi sanyi, ɗan sanyin da ya rage ya fita ta gefen kunnensa.

Ina nan zaune sai ga maƙwabciyata Sadatu da tukunyar zoɓo tana tururi.

"Maman Rauda, ɗan ɗaga in aje wanga."

Na ce, "Yaya Sadatu, ki yi haƙuri. Ko da akwai wuta ba a sa mata abu mai zafi, balle yau."

"Ikon Allah. To mi aka ɓoye ciki, zinari?"

"Kifin Rauda ne."

Ta taɓe baki ta ce ita dai ba ta taɓa ganin inda aka hana maƙwabci sanyi ba. Ta yi gaskiya. A unguwarmu mai firiza ba shi da ikon cewa a'a, ta kowa ce har ranar da ta lalace, sannan ta koma ta mai ita. Amma ɗiyata Rauda ta tashi daga zazzaɓi wuyanta kamar zare, ta ƙi tuwo, ta ƙi kunu, romon kifi kawai take buɗe wa baki. Innata ta aiko mata da giwan ruwa daga Argungu, kuma shi nake yanka mata kaɗan-kaɗan. In ya lalace, ban san abin da zan sa mata a baki ba.

Ni dai na yi nawa. Kafin kifin ya iso na janye firizar daga jikin bango don ta sha iska, na yaye mayafin leshin da aka lulluɓe ta da shi tun ranar jere, duk da surutun da na sha cewa na tsiraita kayan ɗaki. Na share ƙurar bayanta. Na narkar da tsohuwar ƙanƙara da ruwan ɗumi, ban sa wuƙa ba, don Sadatu da wuƙa ta huda tata, yanzu shinkafa take zubawa a ciki. Na wanke robar bakin murfi har ta koma kamawa, na cike duk gurbin da ya rage da ledojin ruwa, tunda cikakkiyar firiza ta fi riƙe sanyi.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa kuwa shi ne Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa saiti. Shi ya zo da jerin motoci da makaɗa ya yanke ƙyalle a gaban sabuwar taransifomar unguwarmu, ya ce duhu ya yi bankwana da mu. An kafa rumfuna, an yi wa kwalbatin da motarsa za ta taka fenti. Muka yi guɗa. Wuta ta zauna har fanka ta fara mana girman kai.

Da azahar maigidana Sadisu ya dawo yana share gumi.

Na ce, "Baban Rauda, me masu wuta suka ce?"

"Wai taransifomar ba lalacewa ta yi ba. Sun tahi da ita."

"Ina?"

"Wata unguwa. Gobe za a ƙaddamar da ita can. In an gama akwai ƙauyukka na jira."

Kun ji tsari, jama'a. Wasu na cewa manyanmu na da almubazzaranci, alhali ga mutanen da suka raba taransifoma ɗaya ga al'umma duka, kowa ya samu nasa bikin. Ni da nake tattalin sanyi a akwati ɗaya ai ɗalibarsu ce.

Na sauka na ɗaga murfin. Ledojin ruwan sun saki, na danna kifin da yatsa ya lotsa. Bai yi wari ba tukuna, amma ba zai kai gobe ba.

Ban tsaya kuka ba. Na zaro kwandon ƙarfen da ke cikin firizar, na ƙone fentinsa na wanke, na ɗora shi a kan murhu. Na yayyanka kifin na sa gishiri, na hura itace ya yi hayaƙi. Sadatu da kanta ta kawo ƙaiƙayin shinkafa, tana fifita tana ci gaba da yi mini gori. Kafin la'asar ta yi sanyi kifi ya fara ja. Na tsinke tsoka na yi wa Rauda romo, ta shanye ta miƙo kwano a ƙara.

Saboda haka, Ranka ya daɗe Sarkin Almakashi, kada a gaggauta dawo da taransifomar don mu. A bar ta ta gama zaga dangi. Mun gano ɓangaren firiza guda da ke aiki ba da izininku ba, roƙonmu kawai kada wani ya zo ƙaddamar da murhun.