Yaƙin Sallau da Santsin Murfi

Wannan tarihin Sallau ne, Allah ya jiƙansa, ɗan Mati mai gyaran keke, jikan Tanko maƙeri, Zakin Sharaɗa, Sarkin Yaƙin inji na huɗu, gwarzon da roba ke narkewa in ta ji takunsa, mijin Hansatu, wanda a gidansa ko ƙwan fitila bai taɓa ɗaurawa daidai ba.

A masana'antarsu da ke unguwar Sharaɗa inji ke ɗura narkakkiyar roba cikin mazubin ƙarfe, ta fito murafen kwalaben turare, kowanne bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Doka ce murfi ya fito da ɗan kaushi irin na ɓawon ƙwai, don kada ya suɓuce wa yatsa mai maiƙo.

Wata Litinin fitina ta auku. Murafe suka riƙa fitowa sumul, suna sheƙi. Manaja Ilu ya murza ɗaya ya ce, "Malam Sallau, in Juma'a ta same mu a haka, ka koma ɗaukar buhu."

Buhu! Bayan shekara goma sha tara a kan inji!

Sadauki ya naɗe hannun riga, ya fuskanci mazubi, ya daka tsawa: "Yau ko ni ko kai!" Ya ƙara zafi, santsi bai ja da baya ba. Ya ƙara matsi, roba ta tsartso ta gefe. Ya busar da ƙwayoyin roba, ya tuhumi mai kawo su, ya tuhumi ruwan sanyayawa, ya tuhumi mahassada har da wani ƙanin Hansatu da ke Gusau. Kowace safiya kuma, bisa al'adarsa, sai ya sunkuya ya hure ƙurar mazubi da bakinsa, fuu, kafin ya tayar da inji.

Ranar Alhamis ya aro gilashin mai gyaran agogo ya leƙa cikin mazubi. Ga rundunar abokan gaba jajawur, ta cike ƙananan ramukan da ke ba murfi kaushi. Tuƙar goron bakinsa ce.

Da tsohon buroshin haƙori ya tarwatsa su cikin minti biyar. Kaushi ya dawo. Manaja ya shafa murfi, ya dubi buroshi, ya daɗe yana duban haƙoran Sallau.

"Injinka naka ne, Malam. Amma zazzage aljihu."

Shekara shida ya ƙara a kan injin nan har ciwon ajali ya kwantar da shi, kullum maigadi na karɓe masa goro a bakin ƙofa, ya ɓare ya ci a gabansa.