Tsamiya a Gaban Mai Sarewa

Tun zamanin sulai ne. Baba Gimba, malamina na sarewa, zai yi busa a wani biki a Mamudo. Na zauna daf da shi, don kowa ya san ni ne babban ɗalibinsa. Na ciro tsamiya ina tsotsa, ina gyaɗa kai kamar masani. Da gemuna, ban taɓa tunanin abin da tsami ke yi wa bakin mai kallo ba.

Idon Baba ya faɗo kaina. Yawu ya cika masa baki, sarewar ta koma kukan kwaɗo, masu rawa suka tsaya cak.

Ya ce, "Ɗana, ko kai ko tsamiyar, ɗaya ya bar nan."

Baba ya daɗe da rasuwa. Amma har yau, in za a fara busa, sai an laluba aljihuna.